Alƙalami Na Gudu, Harshe Na Rarrafe

Duk ɗalibin da ke cikin wannan jami'a, ko daga wane sashe yake, ya shigo ne riƙe da takardar shaidar cewa ya ci Turanci, domin in babu kiredit a Turanci ko ƙofa ba a buɗe wa mutum. Kafin nan kuwa ya share shekara 12 yana zama gaban malamin Turanci, 6 a firamare, 6 a sakandare, sa'an nan da ya zo nan aka sake ɗora masa darasin amfani da Turanci a shekararsa ta farko. To, amma a leƙa kowane ɗakin lacca a ga abin da kan faru in malami ya rufe littafi ya ce ko akwai mai tambaya. Nan take sai kawuna su sunkuya, kowa ya shiga duba abin da ya rubuta kamar yau ya fara ganinsa. Mutum uku ko huɗu ne za su yi magana, kuma su ne dai waɗanda suka yi jiya da shekaranjiya. Sauran kuwa, da yawansu in an ba su takarda sai su cika shafi biyar da amsa mai ma'ana, amma a ce su miƙe su faɗi rabin abin da suka rubuta, sai gumi ya karyo, harshe ya harɗe, har malami ya gaji ya ce su zauna.

Kada wani ya ɗauki wannan ƙaramin abu ne. Akwai ranar kare kundin digiri a gaban malamai. Akwai shekarar bautar ƙasa, inda za a iya tura mutum Inugu ko Kalaba, a miƙa masa alli a ce ga aji nan. Akwai ranar ganawa da masu ɗaukar aiki, waɗanda cikin minti 10 za su yanke hukunci a kan karatun shekara 4. 'Yan'uwanmu da suka riga mu kama aikin gwamnati sun fi mu sanin zafin abin. Sau nawa ƙaramin ma'aikaci kan kwana yana tsara rahoto, ranar taro ya kasa buɗe baki a gaban Babban Sakatare, wani mai zaƙin baki wanda ko fayil ɗin bai karanta ba ya ɗauki bayanin ya yi, a yaba masa, a kuma tuna da shi ranar ƙarin girma ko tafiya kwas? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar nan tana tafe ga kowannenmu.

Wasu sukan ce ai kunya ce irin ta Bahaushe, wasu su ce lalaci ne kurum. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Saurayin nan da ya kasa haɗa jimla uku a aji, shi ne da dare za ka tarar a bakin mai shayi ya riƙe mutum goma da gardamar ƙwallo ko ta siyasa har sha biyu, yana kawo hujja, yana rushe ta abokin gardama, yana jefa karin magana inda ta dace. Budurwar nan da ba a taɓa jin muryarta a lacca ba, ita ce in ta fara ba da labari a ɗakin kwanan ɗalibai babu mai iya tashi. Bakin lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne, cikin shekarun nan 12 an koya wa ido da hannu Turanci, baki kuwa ba a taɓa ba shi aikin yi ba.

Abu na farko da ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya a kansa shi ne matsayin Turanci a ƙasar Hausa. A takarda harshen hukuma ne, na kotu da ofis da jarrabawa. A kunnen yaron da ya tashi a Gumel ko Funtuwa ko Argungu kuwa, baƙon harshe ne tsantsa, kusan kamar yadda yake ga yaron Masar ko na Turkiyya. Gida Hausa, kasuwa Hausa, rediyo Hausa, tasha Hausa, har baƙon da ya zo daga Kudu neman abinci shi ke koyon Hausa don ya iya ciniki. Wannan arziki ne babba, kuma ba kowane harshe na Afirka ya same shi ba. Sai dai sakamakonsa shi ne yaro yana iya yin wata guda cur bai sami dalilin furta jimlar Turanci ko ɗaya a wajen makaranta ba, alhali takwaransa na Fatakwal ko Warri yana jin Turanci, ko da na buroka ne, tun daga sayen burodin safe. Duk da haka manhaja ɗaya aka rubuta musu, jarrabawa ɗaya ake yi musu. Abin mamaki, gwamnati ta san sarai cewa ba a iya baƙon harshe sai an zauna cikinsa. Shi ya sa ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, ta kuma kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Barno, domin ɗaliban waɗannan harsuna su je su zauna inda za su kwana su tashi da harshen da suke koyo. Turanci kuwa an ɗauka yana nan cikin iska, kowa na shaƙa.

In haka ne, aji kaɗai ya rage wa yaronmu. To, bari mu yi lissafi. Darasi minti 40 ne. Aji mai ɗalibai 80 ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu. Ko da malam zai shigo ya kame bakinsa tun daga farko har ƙarshe, ya bar yara su yi ta magana ɗaya bayan ɗaya, rabin minti kowane yaro zai samu. In darasi biyar ne a mako, minti biyu da rabi ke nan. Amma kowa ya san ba haka ake yi ba. Malam shi ke cinye yawancin lokacin da bayani, sauran kuma ya tafi a kwafar rubutu daga allo. Abin da ajin kan furta bai wuce gaisuwar safe da ake rerawa baki ɗaya ba, sai kuma "yes sa" in an tambaya ko an gane.

Ba na ɗora wa malam laifin duka, domin abin da za a tambaya a jarrabawa shi yake koyarwa. Hukumar WAEC tana da takarda ta uku a Turanci wadda aka raɗa wa suna gwajin magana. Tambayoyi 60 ne cikin minti 45, kuma tun daga farko har ƙarshe ɗalibin Nijeriya ba zai buɗe baki ba, hasali ma in ya buɗe sai a ce satar amsa yake yi. Fensir zai ɗauka ya shafe A ko B ko C ko D, ya nuna kalmar da wasalinta ya yi daidai da na wata, ko gaɓar da ake dannawa. A Ghana da Gambiya da Saliyo aƙalla akan kunna wa ɗalibai murya su saurara. Mu namu, wanda bai taɓa furta kalmomin ba yana iya haddace tambayoyin shekarun baya ya cinye tas. Wannan ai kamar a ba mutum lasin tuƙi ne don ya zana sitiyari daidai a takarda. Da yawa daga cikinmu ba za su taɓa zama gaban wanda zai saurari Turancinsu ya ba shi maki ba, sai ranar da suka biya maƙudan kuɗi suka shiga jarrabawar IELTS don neman karatu waje, inda za a zaunar da mutum ido da ido da mai jarrabawa na minti 11 zuwa 14.

Wani zai ce ai muna jin Turanci kullum a lacca, muna karanta shi dare da rana, yau da gobe bakin zai kama da kansa. Wata masaniyar koyon harsuna a Kanada, Merrill Swain, ta duba wannan zance. A can akwai makarantun da ake ɗaukar yara 'yan gidajen Turanci a koya musu kusan kome da Faransanci. Bayan shekaru sai aka ga a wajen saurare da karatu sun yi kusa da 'yan asalin harshen, amma in sun buɗe baki nahawunsu na tangal-tangal. A 1985 ta bayyana dalilin, kuma duk wanda ya yi tunani zai ga haka yake. Mai saurare yana iya kama ma'ana daga kalma uku ko huɗu, ya cike sauran da hankalinsa, ba tare da ya kula da yadda aka gina jimlar ba. Mai magana kuwa ba shi da wannan mafita. Tilas ya zaɓi lokacin aikatau, ya jera kalmomi, ya yi haka nan take mutane suna kallonsa. A wannan lokaci ne yake gano ramin da ke tsakanin abin da yake son faɗa da abin da yake iya faɗa, kuma sai ya gano ramin zai nemi abin cike shi.

Daɗin daɗawa, ga abin da muke yi wa juna. Da yawanmu mun fito daga makarantun da ake sa monita ya rubuta sunan masu yin "banakula", watau Hausa, a ci su tara ko a yi musu bulala ko a ba su sharar fili. Nufin dai a tilasta wa yara yin Turanci. Amma a dubi abin da aka ajiye gaban yaro ɗan shekara 12: in ya yi Hausa a doke shi, in ya yi Turanci ya karkace a yi masa dariya har a laƙaba masa kuskuren ya zama sunansa. Sai ya zaɓi hanya ta uku, ya yi shiru. Shirun nan ne ya ɗauko cikin akwatinsa ya kawo jami'a. A nan ɗin ma ba mu bari ba. Ɗalibi ya yi ƙarfin hali ya miƙe, ya ce "pipti" maimakon fifty, sai bayan aji ya ɗauki shewa, kuma masu shewar galibi su ne waɗanda ba su taɓa miƙewa ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, mutum ashirin sun ƙara ɗaure bakinsu a ranar.

Alhali kuwa kurakuran nan suna da dalili, kuma dalilin ba wauta ba ne. Harafin f na Hausa, a bakin yawancinmu, da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tsakanin p da f na Turanci, saboda haka kunnenmu kan ji pan da fan kamar abu ɗaya. Ba mu da v, sai vote ta koma boat. Ba mu da sautin th, sai mu aro s ko z. Hausa ba ta jera baƙaƙe biyu a farkon kalma ba tare da wasali ba, shi ya sa kakanninmu da suka ari kalmomin Turawa suka gyara su suka zama burodi da fulawa da firamare da sukudireba. Wasulanmu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai ai da au, na Turancin Ingila kuwa sun kai wajen 20. Kowace al'umma da irin nata: Balarabe yana fama da p, Bafaranshe da th, mutumin Japan da r da l, kuma ba su fasa magana a tarukan duniya ba. Mu har muna da wata riba da ba a cika gaya mana ba. Kunnen da ya saba bambanta gari na zama da gari na tuwo ta tsawon wasali, ba zai sha wuya ƙwarai wajen bambanta ship da sheep ba.

A nan akwai wani bincike mai amfani gare mu. Jennifer Jenkins, wata masaniya a Ingila, ta bi hirarrakin mutanen ƙasashe dabam dabam da Turanci ya haɗa, tana neman inda fahimta ke yankewa. A littafin da ta fitar a 2000 ta nuna cewa musanya th da wani sauti da ƙyar yake hana a gane mutum. Abubuwan da ke ɓata magana su ne rikita sauran baƙaƙe, irin su p da f, da rashin kiyaye tsawon wasali, da rashin danna kalmar da ta fi muhimmanci cikin jimla. To, ashe aikinmu ya ragu. Bambanta p da f, da b da v, abu ne na 'yan makonni ga wanda ya tsaya gaban madubi ya koyi ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Sauran kuwa, irin maganar hanci da lanƙwasa harshe da wasu ke yi don a ce sun yi kama da mutanen Amurka, iyayi ne kurum, kuma sau da yawa mai yin sa ya fi mai "pipti" wuyar ganewa.

In ana wannan zance dattawa sukan tuna mana da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ake wa laƙabi da Muryar Zinariya ta Afirka, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabin da har yau ake saurare. Gaskiya ne. Mutumin ƙauye ne daga ƙasar Bauci, ba da Turanci aka yi masa reno ba. Ya koya ne a makaranta, musamman Kwalejin Katsina, wadda aka san ta da matsa wa ɗalibai a kan furta Turanci. Kuma Hausarsa ba ta hana shi ba, ai shi ya rubuta Shaihu Umar, kamar yadda wani ɗan kwalejin, Abubakar Imam, ya rubuta Magana Jari Ce. Amma dattawan sukan manta su faɗi cewa ɗaliban kwalejin 'yan kaɗan ne ƙwarai, kowa malami ya san muryarsa. Tun da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga miliyoyin 'ya'yan talakawa, wancan zamani ya wuce, kuma ni ba na fatan ya dawo, don da ya dawo da yawanmu muna gona ko kasuwa yanzu. Abin da za mu iya karɓowa daga gare shi abu ɗaya ne, watau kowane ɗalibi ya sami lokacin da zai yi magana wani yana saurarensa.

Hukuma kuwa ta tafi neman maganin wani wuri. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa duk shekara 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce a koma Turanci tun daga tushe, wai harshen uwa ne ke jawo faɗuwa jarrabawa. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife, inda aka koyar da yara kome da Yarabanci shekara 6, Turanci kuwa aka ba ƙwararrun malamai su koyar da shi a matsayin darasi, kuma yaran nan ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Ko da wane harshe aka rubuta cikin doka, in yara 80 za su zauna shiru malami ɗaya yana magana, to, shirun ne za su iya.

Abin takaici, hanyar koyar da baki tana nan cikin gidanmu. Wane malamin allo ne zai ba yaro shaidar iya karatu don ya shafe amsa da fensir? Sai ya zauna gabansa ya biya da ƙarfi, malam ya saurara, ya gyara masa mafitar harafi, ya sake biyawa. Sai dai mu lura, biyawa kaɗai ba ta isa, don akwai masu kyakkyawan karatun Larabci da ba su iya cinikin tumatir da shi a Makka. Rabin da ya rage yana wurin fatakenmu. Bahaushen zango a Kumasi yana yin Asantanci, direban da ke zirga-zirga Ikko yana yin Yarabanci, kuma babu wanda ya zauna aji. Sun iya ne domin bukata ta sa su magana, kuma in sun yi kuskure ciniki bai fasa ba. Kunnen malamin allo da ƙarfin halin falke, su biyun nan ne ajin Turancinmu ya rasa.

Na san akwai 'yan'uwa da za su ce me ya kai ni yi wa harshen 'yan mulkin mallaka hidima, ga shi kuwa da Hausa nake rubutu. Ina tare da su a kan son ganin Hausa ta hau kowane matsayi. Amma sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a yi aikin Majalisar Tarayya, Hausa da Ibo da Yarabanci kuwa sai an yi tanadin da ya dace. Kafin tanadin nan ya zo, duk wanda muka tura ya kasa magana, wasu ne za su yanke hukunci a kan ruwan shanmu da makarantunmu yana zaune yana gyaɗa kai.

Ga waɗanda za su fita su koyar cikinmu, ko a bautar ƙasa ko bayanta, lissafin nan na ɗazu yana da wata fuska. In aka raba yara 80 biyu biyu, aka ba su minti 10 kowa ya gaya wa abokinsa yadda ake zuwa gidansu daga makaranta ko yadda ake dama kunu, kowane yaro ya sami minti 5, watau ninki 10 na abin da zai samu in ana bi ɗaya ɗaya. Ajin zai yi hayaniya, hedimasta ma yana iya leƙowa. A bar shi ya leƙo. Kuma babu abin da zai hana a ware wani kaso na makin gwajin zango a ce na magana ne, yaro ya tsaya minti biyu ya faɗi wani abu, domin abin da babu maki a kansa ɗalibi ba ya ɗaukarsa karatu.

Mu kuma da muka riga muka girma da shirunmu, kirana ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai ne. Gasar muhawarar da akan yi sau ɗaya a shekara tana da kyau, amma gwanaye shida take amfana, sauran 'yan tafi ne. A buɗe mana zauren magana, yamma ɗaya kowane mako. A zauna mutum biyar biyar, kowa a ba shi minti 3 da agogo ya yi magana a kan abin da ya sani, ko kwas ɗinsa ne, ko sana'ar gidansu, ko wasan jiya. Kada a katse shi, kada a gyara masa yana cikin magana, in ya gama a nuna masa abu ɗaya ko biyu kawai. Wanda ya yi dariya a sa shi ya karɓi minti 3 na gaba. 'Yan'uwanmu mata, in sun fi sakewa a tsakaninsu, a ba su nasu rukuni. Kowa yana da waya a aljihu, sai ya ɗauki muryarsa ya je ɗaki ya saurara, ya ajiye ta farko ya gwada da ta bayan wata uku. Ma'aikatan da ke cikin gari su ma a bar musu ƙofa a buɗe. Abin da ake nema daga ƙungiya ɗaki ne da kujeru da wanda zai riƙe mabuɗi, kuma kuɗin wannan duka bai kai na lemon da aka sha ranar rantsar da shugabanni ba.